Adon Harshe da Dabarun Salo a Wasan Romiyo da Juliyet na William Shakespeare

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nazarin waƙa ya san kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da alamtarwa da kambamawa, domin su ne kayan aikin da ake fara damƙa mana. Sai dai sau da yawa aikinmu yakan tsaya ga farautar waɗannan abubuwa: mu zaƙulo su, mu ba kowanne sunansa, mu jera su kamar kayan ɗakin amarya, sa'an nan mu ajiye alƙalami. Tambayar da ta fi nauyi, wato me adon ya yi wa jigo, takan wuce ba a taɓa ta ba. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki wasan kwaikwayo guda wanda ya yi suna a duniya, wato Romeo and Juliet na William Shakespeare, a duba yadda adon harshensa ya ɗauki nauyin labarin. Shakespeare ba baƙo ba ne ga manazarcin Hausa, tun da Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wasansa Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu a shekarar 1971.

Marubucin da Asalin Labarin

An haifi Shakespeare a garin Stratford na ƙasar Ingila a 1564, ya rasu a 1616. Masana na ganin ya rubuta wannan wasa wajejen 1595, an kuma fara buga shi a 1597, sa'an nan aka sake buga wani matani mafi cika a 1599. Ba shi ne ya ƙagi labarin ba. Marubutan Italiya irin su Luigi da Porto da Matteo Bandello sun riga shi, daga nan labarin ya shiga Faransanci, har Arthur Brooke ya mayar da shi doguwar waƙar Turanci a 1562. Daga wannan waƙa Shakespeare ya ɗebo.

Labarin a taƙaice shi ne: a birnin Berona na Italiya akwai manyan gidaje biyu, Montagu da Kafulet, masu tsohuwar gaba. Romiyo ɗan Montagu ya shiga biki a gidan Kafulet da fuska a rufe, ya ga Juliyet, suka kamu da son juna. Kashegari Fada Lorans ya ɗaura musu aure a ɓoye. A ranar kuma Tibalt, ɗan'uwan Juliyet, ya kashe Makushiyo abokin Romiyo, Romiyo ya kashe Tibalt, Sarki ya kore shi daga gari, ya tafi Mantuwa. Da iyayen Juliyet suka matsa mata ta auri Faris, sai Fada ya ba ta wani magani mai sa mutum ya sandare kamar gawa har awa 42. Takardar da za ta bayyana wa Romiyo dabarar ba ta isa gare shi ba. Ya zo hubbaren Kafulet ya sha guba, ita kuma ta farka ta soke kanta da wuƙarsa.

A waƙar Brooke labarin ya ɗauki kimanin wata tara, yarinyar kuma tana wajen shekara 16. Shakespeare ya matse shi cikin kwana huɗu zuwa biyar, ya mayar da Juliyet yarinyar da ba ta cika 14 ba. Wannan matsi yana da muhimmanci ga abin da za mu gani, domin adon harshen wasan kansa cike yake da abubuwa masu saurin wucewa.

Wajibi ne kuma a tuna da irin dandamalin zamanin. A gidajen wasa na Landan da rana tsaka ake yin wasa, a fili marar rufi, ba fitilun da za a rage a ce dare ya yi, ba kuma zanen lambu ko hubbare. Yara maza ne ke fitowa a matsayin mata, domin sai a 1660 mata suka fara hawa dandamali a Ingila. Ashe ke nan dare da wata da lambu, har da kyawun Juliyet, duka da baki ake gina su a zuciyar mai kallo.

Harshen Aro: Romiyo Kafin Ya Ga Juliyet

A farkon wasan wata ce daban, Rozalin, Romiyo ke mutuwar so, ita kuwa ko fitowa ba ta yi ta ce uffan ba har wasan ya ƙare. Idan yana bayyana halinsa sai ya yi ta gama kishiyoyi: ya haɗa wuta da sanyi, lafiya da ciwo, hayaƙi da haske, gashin tsuntsu da nauyin dalma. Mai karatun da ke farautar ado zai yi murna da wannan wuri, amma masu kallo na farko sun gane abin da ake nufi. Wannan yayi ne na mawaƙan soyayya masu bin sawun Petrarch, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1374, wanda ya yi ta waƙe wata Laura da bai samu ba. A shekarun 1590 waƙoƙi irin nasa sun cika Ingila. Romiyo dai yana maimaita abin da ya karanta ne, kamar saurayin da ya kwafo wasiƙar soyayya daga littafin abokinsa. Makushiyo ya yi masa ba'a da sunan Petrarch ɗin, Fada Lorans kuma ya gaya masa cewa son da ya yi wa Rozalin hadda ce kawai, irin ta yaron da ke rera karatu bai san baƙi ba.

Darasin da ke nan babba ne ga manazarci. Marubuci na iya sa ado mai rauni a bakin ɗan wasa da gangan, don ya nuna raunin abin da ke zuciyarsa. Haka ya yi wa mahaifiyar Juliyet lokacin da take tallata mata Faris: ta siffanta shi da littafi mai kyau wanda bango kaɗai ya rage masa, ta ja wannan siffantawa har ta gundura, ta ƙare da zancen maɗaurin zinariya. Daga jin haka mai kallo ya san aure a wurinta ciniki ne na dukiya da daraja.

Haɗuwar Farko: Waƙa Ɗaya a Baki Biyu

Akwai wani zubin waƙa da Turawa ke kira sonet, mai ɗango 14 da tsararren amsa-amo, wanda bisa al'ada namiji ne ke rera shi shi kaɗai, yana kukan macen da ta ƙi kula shi. A kashi na 1, fitowa ta 5, maganar farko da ta shiga tsakanin Romiyo da Juliyet idan aka jera ta sai a ga sonet ce cikakkiya. Ya ɗauki ɗango huɗu, ta karɓa da huɗu tana ɗauko amsa-amon da ya bari, suka raba sauran shidan a tsakaninsu, aka rufe da sumba. Ba wanda ya fito ya ce sun dace da juna. Zubin waƙar ne ya faɗa, tun da macen da aka saba waƙewa tana shiru yau ita ce ke gina rabin waƙar.

A cikin wannan sonet akwai doguwar siffantawa. Romiyo ya mayar da hannun Juliyet wurin ziyara mai tsarki, leɓɓansa kuma masu ziyara. Juliyet ta karɓi hoton ta juya masa shi, ta nuna cewa hannu mai ziyara ke miƙawa, leɓe kuwa na addu'a ne. Da wannan hoto na ibada yarinya mai kunya ta sami hanyar yin zance da baƙo ba tare da ta zubar da mutuncinta ba, kuma daga nan muka fara ganin ta fi shi kaifin tunani. Abin lura shi ne wasan da kansa da sonet aka buɗe shi, wadda a ciki mai gabatarwa ya sanar cewa masoyan za su mutu. Saboda haka kunnen mai kallo ya riga ya haɗa wannan zubi da mutuwa kafin ya ji shi a bakin masoya.

Haske da Duhu

Caroline Spurgeon, a littafinta kan zayyana a ayyukan Shakespeare wanda ya fito a 1935, ta nuna cewa hoton da ya mamaye wannan wasa shi ne na haske. Da Romiyo ya fara hango Juliyet, sai ya ga ta fi fitilun biki haske, ya kamanta ta da lu'ulu'u a kunnen Bahabashe, da farar kurciya a cikin garken hankaki. A fitowar lambu, kashi na 2, fitowa ta 2, ya bar kamantawa ya koma siffantawa kai tsaye: tagarta gabas ce, ita kuma rana, idanunta na iya maye gurbin taurari. Ita ma a kashi na 3 ta yi fatan bayan mutuwa a yayyanka Romiyo a mai da shi ƙananan taurari, har duniya ta ƙaunaci dare ta manta da rana.

Kamanta budurwa da wata ko tauraruwa abu ne da Bahaushe ma ya sani. Abin da ya bambanta wannan wasa shi ne yadda aka juya ma'anar dare da rana. Masoyan da dare suka haɗu, da dare suka yi alkawari, da dare suka tare, kuma a duhun hubbare suka mutu. Rana kuwa ita ce lokacin gaba: faɗan farko da safe aka yi shi, kisan Makushiyo da Tibalt kuma da tsakar rana mai zafi, bayan Benboliyo ya yi gargaɗi cewa zafi na tayar da jinin mutane. Hasken da masoyan ke gani a junansu sai da duhu yake bayyana, kamar tauraro, wanda fitowar rana ke shafe shi.

Wannan ya fito sosai a fitowar rabuwa, kashi na 3, fitowa ta 5. Tsuntsu ya yi kuka, Juliyet ta dage cewa tsuntsun dare ne, Romiyo ya ce na asuba ne. Gardamar a kan tsuntsu take, amma ransa ne a ciki, domin idan gari ya waye aka same shi a Berona hukuncinsa kisa ne. Daga ƙarshe ya ce gwargwadon ƙaruwar haske, gwargwadon ƙaruwar duhun baƙin cikinsu. A hubbare ma ya ga kyawunta ya haskaka wurin kamar zauren biki. Da aka zo rufe wasan, Sarki ya mutuntar da rana, ya ce don baƙin ciki ta ƙi leƙowa.

Walƙiya, Albarushi da Jirgin Ruwa

Akwai wani irin haske a wasan wanda ke zuwa da halaka. Juliyet ce da kanta, a tsakiyar farin cikin daren lambu, ta ji tsoron alkawarin ya yi sauri, ta kamanta shi da walƙiya wadda kan ɓace kafin mutum ya ce ga ta. Gab da ɗaurin aure Fada Lorans ya kamanta zazzafan so da wuta da albarushi, waɗanda sumbar junansu ita ce ƙarewarsu. Bayan korar Romiyo, Fada ya sake kamanta hankalinsa da albarushi a hannun sojan da bai ƙware ba. A Mantuwa kuma, da Romiyo ya je sayen guba, ya nemi wadda za ta fitar da rai da sauri irin na albarushi a bakin igwa. A dubi yadda hoton ya yi tafiya: sau biyu gargaɗi ne a bakin dattijo, na uku ya zama buƙata a bakin yaron da aka yi wa gargaɗin.

Haka hoton jirgin ruwa ya bi Romiyo. Kafin ya shiga biki gabansa ya faɗi, ya miƙa tuƙin jirginsa ga mai iko da shi. A lambu ya ce shi ba matuƙi ba ne, amma zai ratsa teku mafi nisa don haja irin Juliyet. A hubbare ya kira gubar matuƙi mai yanke ƙauna, ya umarce ta ta fasa gajiyayyen jirgin a kan duwatsu. Mutumin da ya fara da barin tuƙi a hannun wani ya ƙare da zaɓen matuƙin da zai nutsar da shi.

Aure da Kabari

Mutuntarwa mafi ƙarfi a wasan ita ce ta mutuwa, wadda aka mayar ango. Tun daren biki, kafin Juliyet ta san sunan Romiyo, ta ce in yana da aure to kabari ne zai zama gadon amarcinta. Da mahaifiyarta ta fusata da ita, ta yi fatan da kabari aka aura mata. Da aka same ta a sandare ranar da za a ɗaura aurenta da Faris, mahaifinta ya ce mutuwa ce surukinsa kuma magajinsa, aka mayar da kayan biki na zaman makoki. Romiyo a hubbare ya yi kishi da mutuwa, yana zaton ta ɓoye Juliyet ne don ta zama farkarta. Kalmar da aka faɗa da wasa a kashi na 1 ta zama zahiri a kashi na 5.

Alamtarwar guba da magani ma haka take. Farkon fitowar Fada Lorans yana tsinkar ganyaye ne, yana bayani cewa a cikin fure guda akwai magani akwai guba, kuma abu mai kyau in aka karkatar da shi yakan zama sharri. Wannan ya zama hukunci a kan shi kansa, domin auren da ya ɗaura don sulhu da maganin da ya bayar don ceto su ne suka share hanyar hubbare. Romiyo kuwa, da ya biya matalaucin mai sayar da magunguna tsabar zinariya 40, ya ce masa zinariya ce gubar da ta fi kisa. Mai karatu zai tuna da wannan idan ya ga iyayen biyu a ƙarshe suna alkawarin gina wa 'ya'yansu mutum-mutumin zinariya.

Magana Mai Harshen Damo

M. M. Mahood, a littafinta na 1957 kan wasa da kalmomi a ayyukan Shakespeare, ta ƙirga aƙalla wurare 175 a wannan wasa inda kalma ke ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Gwanin wannan fage shi ne Makushiyo, wanda duk abin da Romiyo ya ɗaga sama sai ya jawo shi ƙasa da barkwanci, sau da yawa mai batsa. Ko da aka soke shi bai bari ba: ya yi amfani da kalmar grave, wadda a Turanci ke nufin mutum mai kamun kai, kuma take nufin kabari, ya ce haka za a same shi gobe. Da mutuwarsa raha ta ƙaura daga wasan. Kafin ya cika ya maimaita addu'ar annoba ta faɗa wa gidajen biyu, kuma annoba ce ta sa aka kulle Fada Yohana a wani gida, takardar Romiyo ta kasa fita Berona. Masu kallo a Landan sun san wannan tsoro, domin annoba ta sa an rufe gidajen wasa mafi yawan lokacin da ke tsakanin 1592 da 1594.

A hannun Juliyet harshen damo garkuwa ne. Da mahaifiyarta ke zagin Romiyo kan kisan Tibalt, ta riƙa amsawa da kalmomin da uwar ke ji a matsayin ƙiyayya, mu kuma muna jin bege. Wannan ya kai mu ga dabarar da ta fi sa tausayi, wato inda mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. A hubbare Romiyo ya lura leɓɓanta da kumatunta ba su koɗe ba, wato idonsa ya ga gaskiya, amma sai ya mayar da abin da ya gani adon magana game da kyawun da ya gagari mutuwa, ya sha gubar.

Juliyet da Sikelin Magana

Juliyet ce kaɗai ke auna kalma kafin ta karɓa. Ita ce ta tambayi abin da ke cikin suna, ta kawo misalin fure wanda ƙanshinsa ba ya sakewa don an sake masa suna. Ita ce ta hana Romiyo rantsuwa da wata, don wata ba ya zama a kan kama ɗaya, sa'an nan ta yanke adon ta tambaye shi a fili ko aure yake nufi, a ina, kuma yaushe. Da ta ji ya kashe Tibalt, ita ma ta faɗa cikin gama kishiyoyi, ta haɗa shi da maciji da fure, hankaka da kurciya, kyarkeci da ɗan rago. Dabarar da ta zama kwaikwayo a bakin Romiyo a kashi na 1 ta zama gaskiya a nan, tun da mijinta da makashin ɗan'uwanta mutum ɗaya ne. Sai dai wasan ya ƙaryata ra'ayinta game da suna: sunan Montagu ne ya sa Tibalt ya zare takobi.

Kammalawa

Mai gabatarwa ya ɗora alhakin abin da ya faru a kan taurari, wato ƙaddara, Romiyo ma ya yi ta ambaton su. Amma idan aka bi hotunan da muka duba, walƙiya da albarushi da jirgin da aka fasa da gangan, za a ga harshen wasan yana nuni ga gaggawa da gabar manya, wadda ta hana yara yin magana a fili har sai da suka koma ga dare da asiri. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa: bawan Romiyo ya yi saurin kai labarin mutuwa, mai takardar gaskiya ya makara, Romiyo ya riga farkawar Juliyet da ɗan lokaci kaɗan. Mutum shida suka rasa rai kafin gidajen biyu su yi musafaha.

Abin da ɗalibi zai ɗauka daga nan ya shafi kowane matani da zai feɗe, na Turanci ne ko na Hausa. Bayan gano ado da ba shi suna, sai a tambaya: a bakin wa aka sa shi, a wane hali, ya sake dawowa ko bai dawo ba, kuma da ya dawo ma'anarsa ta sake? Gama kishiyoyin Romiyo da na Juliyet sunansu ɗaya a littafin nazari, amma amsar waɗannan tambayoyi ce ke nuna cewa ɗaya aro ne, ɗaya kuma kukan zuci.